Maki 239 da 239: Yadda Jami'ar Nebraska Ta Bar Rukunin Bugun Ƙafa Ba Mai Shi

A kakar wasa ta 2021, ƙungiyar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka ta Jami'ar Nebraska ta kara da takwarorinta na gasar Big Ten sau 9. Ta ci maki 239, an ci ta maki 239. Wanda ya ga wannan lissafi zai ɗauka ta ci rabin wasannin ta faɗi rabi. Wasa 1 kacal ta ci, inda ta lallasa Northwestern da ci 56 da 7, sannan ta sha kashi a sauran 8 da tazarar da idan aka tara ta, maki 49 ne cif. A kakar baki ɗaya ta yi nasara sau 3, an doke ta sau 9, kuma babu wasan da ta faɗi da tazarar da ta kai maki 10. Masu tsaron gidanta na cikin nagartattu a gasar. Masu kai harinta suna cin yadi yadda ya kamata. Inda ruwa ke shiga jirgin shi ne ɓangare na uku, wato rukunin bugun ƙafa, kuma matsalar ta samo asali ne tun daga yadda babban koci Scott Frost ya raba aiki tsakanin mataimakansa.

Abin da ake nufi da rukunin bugun ƙafa

A wannan wasa, ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama 4 ta matsa gaba yadi 10, yadi ɗaya kuwa ya ɗan gaza mita ɗaya. Idan ta cika yadi 10 ɗin, sai ta samu sabuwar dama, wato wasu 4. Idan ta kai ƙwallo gidan abokan hamayya ta ci tacdawun, maki 6, sai ta yi bugun ƙarin maki 1. Idan ta maƙale kusa da gida, sai ta gwada bugun maki 3 tsakanin turaku. Idan ta maƙale nesa, a dama ta huɗu sai ta yi bugun sallama, ta dako ƙwallon can nesa domin abokan hamayya su fara daga wuri mai wuya. Akwai kuma bugun farawa daga layin yadi 35, a farkon kowane rabi da kuma bayan an ci maki.

Idan aka ƙidaya mai bugawa da mai karɓa, ƙananan rukunoni 6 ke nan: masu bugun sallama da masu dawo da shi, masu bugun farawa da masu dawo da shi, masu bugun turaku da masu tare shi. Kowanne mutum 11, guraben aiki 66, kowane gurbi kuma sai an tanadi na biyu saboda rauni. Galibin masu cike waɗannan gurabe aro ne daga masu kai hari da masu tsaron gida. Ƙwararru na ainihi ba su wuce huɗu ko biyar ba: mai bugun sallama, mai bugun turaku, mai cillo ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa, da mai dasa ta a ƙasa.

Aiki ne na daƙiƙa. A bugun sallama, mai bugun yana tsaye yadi 14 zuwa 15 a baya. Ana so ƙwallo ta iso hannunsa cikin daƙiƙa 0.75 ko kusa da haka, ta bar ƙafarsa kafin a wuce daƙiƙa 2 da ɗan ɗigo daga lokacin cillowa. Ta kuma daɗe a sama fiye da daƙiƙa 4 domin masu bin ta su isa. A bugun turaku, mai dasawa yana durƙushe yadi 7 a baya, kuma cillowa, dasawa da bugawa duka kada su wuce daƙiƙa 1.3. Jinkirin kashi 2 cikin 10 na daƙiƙa ya isa wanda ya kutso daga gefe ya ɗora hannu a kan ƙwallo.

Yadda aka raba kujeru

Hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta ƙayyade a wancan lokaci yawan mataimakan da ke da izinin koyar da 'yan wasa a fili. A watan Janairun 2018 ta ƙara adadin daga 9 zuwa 10, kuma jami'o'i da dama sun yi amfani da wannan kujera ta goma suka naɗa kodinetan bugun ƙafa wanda ba shi da wani aiki sai wannan. Maƙwabciyar Nebraska kuma babbar abokiyar hamayyarta, Iowa, haka ta yi da LeVar Woods.

Frost ya dawo Nebraska a watan Disambar 2017. Ɗan jihar ne, shi ne kwatabak ɗin, wato mai jifa kuma jagoran masu kai hari, da ya jagoranci ƙungiyar ta zama zakarar ƙasa a 1997, kuma ya fito ne daga kakar da UCF, wata jami'a a jihar Florida, ta ci wasanninta 13 duka a hannunsa. Ya taho da mataimakansa na can. Bugun ƙafa ya ɗora wa Jovan Dewitt, wanda kuma shi ne kocin masu tsaron gefe na layin tsakiya. Aiki biyu, mutum ɗaya. A 2018 Troy, ƙaramar ƙungiya daga Alabama, ta zo har Lincoln, garin da Jami'ar Nebraska take, ta dawo da bugun sallama zuwa gida ta ci wasan 24 da 19. A 2019 mai bugun turaku Barret Pickering ya ji rauni, sai aka rasa wanda zai gaje shi, har mutum 6 suka gwada a kaka guda. Ɗaya daga cikinsu mai tsaron baya ne, wani kuma daga ƙungiyar tamaula ta ɗalibai aka ɗauko shi. A wannan shekarar Wisconsin da Iowa kowacce ta dawo da bugun farawa har gida. Wasan Iowa ya tashi 27 da 24, kuma da Nebraska ta ci shi da ta cika nasara 6 da ake buƙata a je wasan ƙarshen kaka, wato wasan gayyata da ake yi bayan an kammala kaka.

Dewitt ya koma North Carolina bayan wannan kaka. A nan ne Frost ya yanke shawarar da ta fi kowacce tsada. Maimakon ya ba wani kujerar, sai ya ɗauko Jonathan Rutledge daga Auburn a matsayin babban manazarci. A dokar lokacin, manazarci yana iya kallon bidiyo, ya zana tsari, ya zauna da kociyoyi, amma ba shi da izinin ya tsaya a fili ya ce wa ɗan wasa ga inda za ka sa ƙafarka. Ma'ana, wanda ya san aikin ba zai koyar ba, waɗanda za su koyar kuma kowa na da nasa ɗakin, wato rukunin 'yan wasan da ake auna shi da su. Ya zama aikin gayya ba sarkin gayya, kowa ya kai fartanya, amma idan kunya ta karkace ba a san wanda za a kira ba.

Tsarin bai ma tsaya cikin doka ba. A watan Mayun 2022 NCAA ta sanar cewa a kakar 2020 manazarcin bugun ƙafa ya riƙa koyar da 'yan wasa kai tsaye a atisaye da zaman kallon bidiyo, ya kuma sa baki a shawarwarin lokacin wasa. An ci jami'ar tarar dala 10,000, an dakatar da Frost kwana 5. Sakamako a fili kuma bai gyaru ba: a 2020 Rutgers ta dawo da bugun farawa har gida, mai bugun sallama na Illinois ya ga fili fetal ya ruga da ƙwallo ya samo wa ƙungiyarsa sabuwar dama, kuma a Iowa ƙwallon sallama ta suɓuce wa mai karɓa a zango na huɗu, wato na ƙarshe, aka tashi 26 da 20. Rutledge ya bar aiki a farkon 2021. Frost ya sake komawa tsarin farko, ya ɗora wa Mike Dawson, kocin masu tsaron gefe, aikin kodineta a kan nasa.

Kakar 2021, wasa bayan wasa

Ranar 28 ga Agusta, a gidan Illinois. Makin farko na kakar kyauta Nebraska ta bayar. Cam Taylor-Britt, gwanin mai tsaron baya ne, ya ja da baya ya cafe bugun sallama dab da layin gidansa, ƙafarsa ta zame ya faɗa ciki, aka ba Illinois sefti, wato maki 2 da ake samu idan mai riƙe da ƙwallo ya faɗi a cikin gidansa. Ƙa'idar da ake koya wa kowane mai karɓa tun daga sakandare ita ce ya kafa dugadugansa a layin yadi 10, idan ƙwallo ta wuce kansa ya ƙyale ta, domin akwai yiwuwar ta gangara cikin gida a fito da ita layin 20. Wannan ba batun baiwa ba ne, batun maimaitawa ne har ƙafa ta haddace. A wasan nan kuma Connor Culp ya zubar da bugun ƙarin maki har sau 2. An tashi 30 da 22. Culp ɗin nan shi aka zaɓa gwarzon mai bugun turaku na Big Ten a 2020, bayan ya ci 13 cikin 15.

Ranar 18 ga Satumba, a gidan Oklahoma, wadda ke cikin ƙungiyoyi 5 na sama a ƙasar. Culp ya zubar da bugun maki 3 sau 2. Ƙarshen zango na uku Nebraska ta ci tacdawun, ci ya zama 14 da 9, aka sako wani matashi ya yi bugun ƙarin maki. Masu tarewa suka danne tsakiyar layi, aka tare ƙwallon, Pat Fields ya ɗauka ya ruga da ita tsawon fili. A dokar jami'o'i wannan maki 2 ne ga masu tsaro. Abin da zai zama 14 da 10 ya koma 16 da 9. Haɗa wannan juyi na maki 3 da maki 6 da aka zubar, 9 ke nan, a wasan da aka faɗi da tazarar 7.

Wasan Michigan State, mako guda bayan nan, shi ne wanda ya kamata duk mai koyar da wannan fanni ya nuna wa ɗalibansa. Masu tsaron Nebraska sun hana Michigan State samun sabuwar dama ko sau ɗaya a duk rabi na biyu. Nebraska na gaba da 20 da 13, saura ƙasa da minti 4, ta zo bugun sallama. An tsara ƙwallo ta tafi gefe guda, kuma masu bin ta sun karkata can gaba ɗaya kamar yadda aka umarce su. Michigan State ta ajiye masu karɓa biyu a baya, ɗaya ya yi kamar ƙwallo na zuwa wajensa. Ƙwallon kuwa ta tafi ɗaya gefen, ƙasa-ƙasa, ta faɗa hannun Jayden Reed ba kowa a gabansa. Ya yi gudun yadi 62 har gida. A ƙarin lokaci Michigan State ta ci 23 da 20.

A nan akwai kurakurai uku a jere, kuma na mai bugun ɗaya ne kawai daga ciki. Bugun sallama mai alkibla yana buƙatar mai bugun ya ajiye ƙwallo tsakanin lambobin fili da layin gefe a ɓangaren da aka kira. Ya kuskure. Amma kowane tsari mai kyau yana da kalmar gaggawa da mai bugun ko ɗaya daga masu kare shi zai kwarma idan ƙwallo ta bi wata hanya, domin masu gudu ba sa ganin ta, bayansu take. Sannan ana koya wa masu bin ƙwallo su ɗaga kai su nemo ta bayan sun yi yadi 15 zuwa 20, kada su dogara da motsin mai karɓa, domin yaudara da mai karɓa na bogi tsohuwar dabara ce. Na uku, ana barin mutum ɗaya a ɓangaren da ba a kira ba ya riƙe layinsa komai ya faru. Duk matakan kariyar nan sun faɗi lokaci guda. A wasan kuma ɗaya mai bugun sallamar ya yi wani bugu da bai wuce yadi 7 ba.

A Minnesota, 30 da 23, an sake zubar da gajeren bugun maki 3 da na ƙarin maki. Aka sauya Culp da Chase Contreraz, shi ma ya zubar da 2 a wasan Ohio State da aka faɗi 26 da 17. A Wisconsin, bugun farawa na farkon wasa Stephan Bracey ya dawo da shi yadi 91 har gida, aka tashi 35 da 28, tazarar tacdawun ɗin nan daidai. A kakar duka Nebraska ta gwada bugun maki 3 sau 16, ta ci 8.

Sai wasan rufewa da Iowa a Lincoln, ranar 26 ga Nuwamba. Nebraska ta kai 21 da 6, ta shiga zango na huɗu da 21 da 9. Henry Marchese ya kutso daga gefe ya tare bugun sallama, Kyler Fisher ya cafe ƙwallon ya shige gida. Daga nan filin ya juye: sefti, bugun maki 3, tacdawun, Iowa ta ci 28 da 21. Yawancin jami'o'i suna amfani da tsarin garkuwa, inda mutum 7 ke kan layi da tazara mai faɗi tsakaninsu, manyan mutum 3 suna tsaye kusan yadi 7 a baya suna kare mai bugun. Tsarin yana ba masu layi damar tsere wa ƙwallo da wuri, amma ya dogara kacokan a kan ƙidaya: kafin cillowa, wani cikin garkuwar zai ƙirga mutum nawa ke kowane gefe, ya kira wa zai ɗauki wa. Idan masu kutse sun fi masu karewa yawa a gefe ɗaya kuma ba a gyara ba, wani zai iso ba wanda ya taɓa shi. Mai tarewa ba ya nufar jikin mai bugun. Yana nufar inda ƙwallo za ta bar ƙafa, kusan yadi 9 zuwa 10 bayan layi, kuma ana gano wannan wuri ne ta kallon bidiyo. Woods, kodinetan Iowa, yana da mako guda cur yana neman wannan ɓaraka, ba shi da wani aiki. Takwaransa na Nebraska yana kuma shirya 'yan ɗakinsa yadda za su tare gudun Iowa.

Adalci ya sa a faɗi cewa ba duk faɗuwar ce ta bugun ƙafa ba. A wasan Michigan, 32 da 29, ƙwallo ce ta suɓuce wa kwatabak Adrian Martinez a mintunan ƙarshe. A na Purdue, 28 da 23, jifarsa 4 aka cafke. Layin gaba na masu kai hari ma ya yi rauni duk shekarar. Amma a wasanni 4, Oklahoma, Michigan State, Wisconsin da Iowa, makin da aka yi asara ta bugun ƙafa ya kai tazarar faɗuwar ko ya wuce ta. Nasara 3 da ƙarin ko da 3 daga cikin waɗannan ta isa a je wasan ƙarshen kaka. Iowa kuwa, da masu kai harin da ba su kai na Nebraska cin yadi ba, ta ci wasa 10 ta lashe shiyyar yamma ta Big Ten, da ƙafar Tory Taylor da Caleb Shudak da gudun Charlie Jones.

Me ya sa raba aikin ba ya yi

Ana iya cewa ai wasu ƙungiyoyi sun yi nasara ba tare da kodineta na musamman ba. Gaskiya ne. Frank Beamer ya shekara 29 a Virginia Tech, daga 1987 zuwa 2015, ƙungiyarsa ta yi suna wajen tare bugu, alhali kuwa ya rarraba rukunonin tsakanin mataimakansa. Bambancin shi ne Beamer, babban koci, shi da kansa yake koyar da masu tare bugun sallama, shi yake zama kan taron, kuma manyan 'yan wasansa yake sakawa. Frost hankalinsa na kan masu kai hari, shi ke kiran wasa da bakinsa.

Lokaci ne abu na farko. Doka ta taƙaita ayyukan 'yan wasa zuwa awa 20 a mako a lokacin kaka. A atisayen awa 2, abin da ake ware wa bugun ƙafa yakan kama minti 15 zuwa 25. Idan ba wanda kujerarsa ta rataya a kan waɗannan mintuna, su ake fara yankewa duk ranar da masu kai hari suka nemi a maimaita wani abu. Na biyu, 'yan wasa. Kocin masu karɓar jifa ba ya son gwaninsa ya je bin bugun farawa ya ji rauni, kuma idan kodinetan tsaransa ne mai neman alfarma, a'a zai ji. Sai rukunin ya cika da na uku da na huɗu a layi. Na uku, su ƙwararrun kansu. Mai bugun turaku yakan shafe yawancin atisaye a gefe guda shi da mai cillowa da mai dasawa. Idan ƙafar dogaronsa ta fara sauka inci 2 kusa da ƙwallo fiye da da, ko kansa ya fara ɗagowa da wuri, ko yana buga ƙwallo fiye da kima har ƙafa ta gaji kafin Asabar, sai an sami mai idon gani a kusa. A filin jami'a layukan da ake ajiye ƙwallo sun fi na ƙwararrun NFL nisa da juna, ƙafa 40 ne, alhali faɗin turaku ƙafa 18 da rabi, don haka gajeren bugu daga gefe yana da kusurwa mai tsauri, kuma ƙaramin kuskure a taku yana fitowa fili. Na huɗu, ɗaukar 'yan wasa. A lokacin kowace ƙungiya tana da guraben tallafin karatu 85. Idan ba mai kare muradin ƙwararrun a teburin rabo, sai a ce za a samu a cikin masu zuwa da kuɗinsu. Abin da ya faru a 2019 ke nan.

Gyaran 2022 da iyakarsa

Ranar 8 ga Nuwamba 2021, daraktan wasanni Trev Alberts ya sanar cewa Frost zai ci gaba, amma an rage albashinsa daga dala miliyan 5 zuwa 4. A ranar aka sallami mataimaka 4 na ɓangaren kai hari: Matt Lubick, Greg Austin, Ryan Held da Mario Verduzco. Da aka zo cike gurabe, sabon kodinetan kai hari Mark Whipple ya haɗa da koyar da kwatabak, sai kujera ɗaya ta samu. A watan Janairun 2022 aka ba Bill Busch, ɗan jihar, wanda ya taɓa riƙe wannan aiki a Nebraska zamanin Bill Callahan, ya kuma koyar a LSU, wata jami'a a jihar Louisiana, lokacin da ta zama zakara a 2019. Abin takaici, Busch yana cikin ginin duk kakar 2021 a matsayin manazarci, doka ta ɗaure masa hannu.

Kafin a shiga sabuwar kaka an sauya ƙwararrun. An ɗauko Brian Buschini daga Montana, wanda aka zaɓa gwarzon mai bugun sallama a matakin da ke ƙasa da na Nebraska, da Timmy Bleekrode daga Furman. Wannan rabin gyaran ne, kuma ya kamata a lura da shi, domin sau da yawa idan lambobi suka gyaru bayan sauyin koci, sabuwar ƙafa ce ta kawo kaso mai yawa na bambancin. Abin da za a auna koci da shi shi ne abin da ba ya buƙatar baiwa: bugu nawa aka tare masa, sau nawa mutum 10 ko 12 suka shiga fili, sau nawa mai karɓa ya bar ƙwallo ta faɗi ta gangara yadi 15, da matsakaicin layin da kowace ƙungiya ke fara hari.

Wasan farko na 2022 a birnin Dublin na ƙasar Ailan aka yi shi, ranar 27 ga Agusta, da Northwestern. Nebraska ta ci tacdawun biyu a jere a zango na uku ta kai 28 da 17. Sai Frost ya ba da umarnin gajeren bugun farawa, irin wanda ake gangara ƙwallo yadi 10 da fatan a riga abokan hamayya ɗauka. Northwestern ta ɗauka a cikin rabin filin Nebraska, ta ci tacdawun, Nebraska ba ta ƙara cin ko maki ɗaya ba, aka tashi 31 da 28. Frost ya amsa a gaban 'yan jarida cewa shawararsa ce. Wannan wasa shi kaɗai Northwestern ta ci a kakar. Darasin nan daban yake da na 2021: kodineta yana gyara taku da ƙidaya da alkibla, amma yaushe za a yi kasada, babban koci ke yankewa. Mai maki 11 a gaba, wanda masu tsaronsa suka riga suka fara gajiya, ba shi da dalilin ba abokin hamayya gajeren fili.

Ranar 11 ga Satumba, washegarin da Georgia Southern ta doke Nebraska 45 da 42 a Lincoln, aka sallami Frost da nasara 16 da faɗuwa 31. A wasannin da tazarar ba ta wuce maki 8 ba, ya ci 5 ya faɗi 22. Jami'ar ta biya shi dala miliyan 15, alhali da ta jira 1 ga Oktoba da rabin haka za ta biya. Mako guda bayan nan kocin riƙo Mickey Joseph ya sallami kodinetan tsaro Erik Chinander ya ɗora Busch a wurinsa, bugun ƙafa ya koma hannun wani matashin ma'aikaci, Joey Connors. Kodinetan da aka shekara 4 ana jira, wasa 4 kawai ya yi a kujerar. Duk da haka aikin da ya shuka tun bazara ya fito: a wasa na gaba Nebraska ta tare bugun sallamar Indiana ta mayar da shi tacdawun, ta ci 35 da 21.

Bayan Frost

Matt Rhule ya karɓi ƙungiyar a watan Nuwamban 2022, ya ba tsohon abokin aikinsa Ed Foley kujerar bugun ƙafa shi kaɗai. A nan ne aka ga cewa kujera ita kaɗai ba ta wadatar ba. A 2024 matsalar ta koma wajen cillowa da kariya. Purdue ta tare bugun maki 3 sau 2 a rabin farko, Rutgers ta tare bugun sallama sau 2, a Iowa kuma rikicewa wajen karɓar bugun sallama ta buɗe ƙofar da 10 da 0 ya koma faɗuwa 13 da 10. A wasan ƙarshen kaka a filin Yankee na New York, wanda Nebraska ta rabu da zuwa irinsa tun 2016, ta kai 20 da 2 a kan Boston College. Maki 2 ɗin nan daga taren bugun ƙarin maki suka fito, sannan aka tare bugun sallama a zango na huɗu, da ƙyar aka tsira 20 da 15. Idan cillowa ta zo sama ko gefe, mai bugun sai ya miƙa hannu ya dawo da ita, ya ƙara rabin taku, daƙiƙa 2 ta zama 2.3, kuma babu garkuwar da ke riƙe masu kutse tsawon haka.

A watan Yunin 2024 NCAA ta ɗage takunkumin da ke kan manazarta, kowane ma'aikaci yanzu yana iya koyarwa a fili, abin da aka hukunta Nebraska a kai ya zama halal. A farkon 2025 Rhule ya sauke Foley daga aikin ya ɗauko Mike Ekeler daga Tennessee, shi ma ɗan jihar Nebraska ne, wanda ya kawo mai bugun sallama Archie Wilson daga Ostireliya, ya karkata zuwa salon bugu a guje irin na rugbi, inda mai bugun ke gangarawa gefe kafin ya saki ƙwallo. Ekeler shi ne mutum na 7 da ya riƙe wannan aiki a kaka 8, bayan Dewitt, Rutledge, Dawson, Busch, Connors da Foley, alhali duk tsawon wannan lokaci Woods ne ya riƙe aikin a Iowa. Kowane sauyi yana zuwa da sababbin kalmomin kira, sabuwar hanyar ƙidayar masu kutse da sabon wurin tsayuwar garkuwa, kuma a bugun guje ma wurin da ƙwallo ke barin ƙafa yana matsawa yadi da dama zuwa gefe, don haka duk kusurwoyin kariya sai an koyar da su daga farko a cikin atisaye 15 da doka ta yarda a yi a bazara.